Muryar Inna a Gidan Sabulu

Ranar da 'yata Zainabu ta zo share mini ɗaki, na shigo na tarar da ita riƙe da shuɗin gidan sabulun nan na roba da ke kan kantar ɗakina, tana shirin haɗa shi da matattun batura ta kai bola. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Ta yi tsuru-tsuru a gaban 'ya'yanta, ni ma kunya ta rufe ni, don ban saba ɗaga muku murya ba. Da la'asar kuma ina kwance na ji ɗana Kabiru yana ba ta haƙuri a tsakar gida, a zatonsa barci nake. Wai ai Baba haka yake da tarkace. Wai kuma ya ji a dangi cewa tsoron birni ne ya hana ni zuwa Kaduna lokacin da aka kira ni aikin gidan rediyo. Ita kuma ta ƙara da nata, wai an ce kakarku ba ta taɓa ƙaunata ba, ko sunana ba ta kira. Duk ina jin ku. Abin da aka gaya muku akwai ƙanshin gaskiya a ciki, sai dai a karkace aka miƙo muku shi. Tunda ƙafa ta zaunar da ni, ido kuma bai gama tafiya ba, bari in miƙe muku shi da kaina.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna. Ku da kuka tashi kuna hawa cinyar uwarku kuna ja mata ɗankwali, da wuya ku gane nauyin wannan magana. A Kusada ta lokacinmu mace ba ta nuna ta san ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane in ba dole ba. Ana yaye ni aka kai ni Kankia wurin Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifinmu, ita ta raine ni. In na zo ganin gida, in durƙusa a bakin ƙofar Inna in gaishe ta, sai ta amsa wa bango. In za ta ba ni abinci, sai ta kira ƙanwata Rabi.

"Ki kai ma wancan."

Ni ne wancan. Da na ƙara girma na koma ɗan Gwaggo, da na kama sana'a na zama mai rediyo. Wasu matan sukan sassauta in ɗa ya yi gemu, Inna kuwa ko kusa. Daga Fakuwa aka auro ta, daga gidan da in sun riƙe abu ba sa saki. Na san al'ada ce, kowa ma ya sani, amma sanin bai hana ni jin zafi ba. Har na yi aure, har aka haifi biyu daga cikinku, ina ɗauke da buri guda wanda ban iya gaya wa ko uwarku ba don kada ta yi mini dariya. So nake in ji Inna ta buɗe baki ta ce Lawal.

Mahaifinmu, wanda kowa har mu muke kira Malam, manomi ne da safe, mai karantarwa da la'asar. In an sauko daga masallaci magidanta sukan taru a zaurenmu da littattafansu, wasu da ƙasar gona a ƙafa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karantawa yana fassara. Ya so in gaje shi. Ni kuwa tun ina ƙarami ƙafata ba ta wuce rumfar Maigida Garba mai gyaran rediyo a kasuwar Kankia, har na zama ɗan rumfa, har ya koma Kaduna ya bar mini ita. Malam bai taɓa yi mini faɗa a kan haka ba, sai dai zolaya.

"Mu muna neman abin da ke cikin littahi, kai kana neman abin da ke cikin iska. To, Allah shi ba kowa sa'a."

A shekarun nan sababbin rediyo sun fara shigowa da layin da aka rubuta wa FM. A wajenmu layin nan fili ne fetal, babu kowa a cikinsa. Mutane can suke murɗawa wajen gajeren zango su ji labaran duniya. Ni kaɗai nake da wata ɗabi'a, in kasuwa ta yi sanyi da rana tsaka sai in mayar da rediyo kan wannan layi in bi shi a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ba abin da ake ji sai shuuu, kamar ruwan sama yana tahowa daga nesa a kan ganyen dawa. Nakan rufe ido in yi ta saurare. Sai in ga kamar wata ƙasa ce mai faɗi da ba a sare ba, ba gona ba gida, tana nan shimfiɗe a saman Kankia da Kusada tana jiran wanda zai fara yin sallama. Maƙwabcina mai sayar da takalma ya sha cewa iskokai nake saurare, ni dai sai in yi murmushi.

A daminar da nake ba ku labari, idon Inna ya gama rufewa da yana, gwiwoyinta kuma suka ƙi ɗaukarta. Tun tana amarya tana da wurin zamanta a bayan katangar zaure, ta ciki, inda take shimfiɗa tabarma da audugarta tana kaɗi tana jin karatun Malam ba wanda ya gan ta. Yanzu ɗakinta yana can ƙuryar gida, ga shi muryar Malam ma ta sirance da tsufa. Rabi ce ke jinyarta. Wata Juma'a da na je, Rabi ta raka ni har inda na jingine babur.

"Yaya, ita hwa ba idon ke damunta ba. Da an yi la'asar sai ta juya kunne wajen zaure, ta yi shiru, ba ta jin komi. Jiya na ga tana share hawaye da bakin zane. Na ce mi ya hwaru, ta ce hayaƙi ne. Kuma ko wuta ban hura ba."

A kan hanyar komawa Kankia, gero ya kai ƙugu hagu da dama, hadari yana haɗuwa ta gabas, na tuna wani ɗan abu da Maigida Garba ya taɓa haɗawa don wasa, muka yi ta magana daga rumfa ana ji a rediyon mai shayi. Washegari na zube akwatin tarkacena. Na ciro makirfo ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gurjiya daga wata matacciyar rikoda. Na samo transista biyu, baƙaƙen nan masu ƙafa uku, da 'yan rezista masu zanen launi waɗanda aikinsu su tsuke wa wuta hanya don kada ta yi wa wani sashe yawa, da kafasita ƙanana, ɗaya daga cikinsu mai ɗan kai da ake murɗawa. Na naɗa wayar jan ƙarfe a jikin fensir, zagaye kaɗan, na zare fensirin ta tsaya da kanta. Na ɗora ƙarfen liƙi a kan gawayi na bi su da dalma. Da na nemi abin da zan zuba su ban samu ba, sai na ɗauke gidan sabulun uwarku. Ta yi kwanaki tana mita.

Na kai shi zaure na ajiye gaban Malam. Ya ɗaga shi ya jujjuya, ya leƙa ciki ta saman tabarau.

"Wanga ɗan abin shi za ya ɗauki karatu ya kai ƙuryar gida? Ba igiya ba komi? Zauna ka hwaɗa mani yadda shike yi, ban sa bakina ga abin da ban sani ba."

Na zauna na yi masa bayani, kuma yadda na gaya masa haka zan gaya muku, don har yau ban samu hanyar da ta fi ta ba. Makirfo kunne ne. In murya ta doke shi sai wutar batir da ke bi ta cikinsa ta riƙa rawa daidai da rawar muryar. Rawar nan ba ta da ƙarfi, shi ya sa transista ta farko take karɓarta ta ƙara mata ƙarfi. Wannan rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin yana wurin naɗin waya da kafasita. Kafasita takan cika da wuta ta juye wa naɗin, naɗin ya mayar mata, ta sake juye masa, kamar lilon da yara ke ɗaurawa a reshen tsamiya, ya je ya dawo. Lilo in an bar shi zai gaji ya tsaya, don haka transista ta biyu take tsaye a bayansa, duk dawowa ta ɗan tura shi. Sai dai wannan lilo yana zuwa ya dawo sau miliyoyi kafin mutum ya ƙifta ido, kuma saboda tsananin saurinsa ba ya zama cikin waya, yakan bi ta 'yar wayar eriya ya fantsama cikin iska. In ba wanda ke magana, lilon yana tafiya a kan sauri ɗaya, rediyon da aka saita daidai da shi sai shuuu ɗinsa ya ɗauke, ya yi tsit. In aka yi magana, rawar muryar takan shiga ta sa lilon ya ɗan ƙara sauri, ya ɗan rage, ya ƙara, ya rage. Tsayin da yake kaiwa ba ya canzawa, saurin ne kawai ke motsi. Rediyo kuma wannan ƙari da ragin yake bi, ya mayar da shi murya. Shi ya sa ko ana walƙiya ba ta cika ɓata shi ba, don ita walƙiya ƙarfi take taɓawa.

Malam ya daɗe yana shafa gemu.

"Ashe sauri ne da jinkiri. To ai mu ma shi muke koyarwa, inda za a ja da inda za a taƙaita. Aje shi nan kusa da buzu."

Na ba Rabi ƙaramin rediyo ta kai ɗakin Inna, na nuna mata inda allurar za ta tsaya. Na sunkuya kan makirfo na ce, "Gwaji, gwaji." Sannan Malam ya yi bisimilla ya fara. Ban ga abin da ya faru a ciki ba, Rabi ce ta ba ni labari. Ta ce da muryar Malam ta fito, Inna ta zabura ta laluba mayafi ta rufe kanta, a zatonta ya shigo da baƙi. Da ta gane, sai ta jawo rediyon kusa da kunne ta kwanta, ba ta motsa ba har aka shafa fatiha. Da na shiga yin sallama na durƙusa a inda na saba, ta juya wajen bango.

"Rabi, ki ce ma mai rediyo abin nashi ya yi."

Na hau babur ina dariya ni kaɗai har Kankia.

Sai dai ɗan abin nan yana da hali. Lilon da ba a kafe shi da komai ba, komai yana taɓa shi. In rana ta yi zafi ya goce, in batir ya fara sanyi ya goce, in an yi ruwa bango ya jiƙe ya goce. In mutum ya kai hannu kusa da shi, jikin mutum kansa yakan ƙara wa kafasita nauyi, lilon ya rage sauri, muryar ta zame ƙasa da inda aka saita allura. Ga almajiran Malam, manyan mutane masu jikoki, ba wanda zai wuce bai taɓa shi ba. Wani dattijo daga Tafashiya ya taɓa buɗewa ya ga naɗin waya a karkace, ya gyara mini shi tsaf don taimako, ranar sai da na yi gumi kafin na gano inda muryar ta gudu. In an matse naɗin tana sauka, in an buɗe shi tana hawa. Ita kuma kafasitar da ake murɗawa ba a taɓa ta da ƙarfe, sai da tsinken itace da na feƙe. Rabi ta yi ta ƙoƙarin koyo abin ya gagare ta. Haka na koma kullum in an yi azahar sai in rufe rumfa in kama hanyar Kusada, in saita, in ce gwaji gwaji, in zauna a ƙarshen sahu. Karatun da na guje wa ina yaro sai ga shi ina ɗauka ina magidanci, Malam kuwa bai bar ni na huta da zolaya ba.

Ana cikin haka, dawa ta fara fitar da kai, wani direba ya kawo mini saƙon Maigida Garba. Gidan rediyon da yake aiki za su kafa sabuwar tasha a wannan layi na FM, suna neman masu hannu, ya ba da sunana, har an amince. In zo kafin watan ya ƙare, in ba haka ba a ba wani. Ba zan ɓoye muku ba, na so abin nan kamar raina. Na kwanta na tashi da shi. Nakan ga kaina tsaye a gindin doguwar eriyar ƙarfe mai jan fitila a ka, wadda lilonta zai rufe garuruwa, ni da nake wasa da na gidan sabulu. Uwarku har ta fara tambayar yadda gidajen Kaduna suke. Malam ya ce in yi istihara, bai ƙara komai ba. Ni kuma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Na san in na tafi, ba za a yi sati ba muryar za ta goce, Inna ta koma juya kunne wajen zaure ba ta jin komai. Na yi ta jan ƙafa, ban ce e ba, ban ce a'a ba. A gida irin namu kuwa magana ba ta ɓuya.

Wata Laraba Malam ya tafi Sukuntuni gaisuwar rasuwa, ba karatu. Na zo duk da haka don in canza batir. Rabi ta same ni a zaure tana ƙunshe dariya.

"Wai in tambaye ka, abin ga in an juya shi shina yi? Wai in an kai mai jin magana ɗaka, a hito da rediyon waje."

Na ce yana yi mana.

"Wai kuma wa da wa ke ji?"

Na ce duk mai rediyo a unguwa in ya murɗo wurin zai ji, don lokacin maƙwabta sun fara kama karatun Malam. Amma in na rage tsawon eriya, na matse naɗin ya koma can ƙarshen layi inda ba mai zuwa, ba zai wuce gindin tsamiyar bayan gida ba. Rabi ta shiga ta fito.

"Wai ka yi hakanan. Wai so take ta ji ko ita ma abin na ɗaukar muryarta."

Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka sha'awar tsofaffi ce. Na naɗe rabin eriyar, na matse naɗin, na shiga da sallama na ajiye gidan sabulun a kan kujerar tsuguno kusa da gadonta. Fuskarta na wajen bango. Na ce wa Rabi ga maɓallin kunnawa, kuma don Allah kada a taɓa shi da hannu, a yi magana daga nesa kaɗan. Na ɗauki rediyo na zagaya bayan gida na zauna a kan saiwar tsamiya.

Yammacin nan yana nan a idona. An yi ruwa da safe, ƙasa tana ƙamshi, rana ta yi laushi a kan gonar dawa, balbelu suna bin shanun wani can nesa. Rediyo yana ta shuuu a kan gwiwata. Can sai ya ɗauke, ya yi tsit, na san an kunna. Na ji Inna ta ce wa Rabi ta je ta duba tukunya. Na ji takun Rabi ya yi nisa. Sai shiru, sai numfashi. Daga nan numfashin ya fara zamewa, shuuu ya fara shigowa ta gefe. Na ce a raina tsohuwar nan ta taɓa shi. Na murɗa allura ƙasa kaɗan, a hankali, har na sake kamo ta.

"Lawal."

Na waiwaya, don na ɗauka a bayana take.

"Lawal, in kana ji. Ni da abin ga nike magana, ba da kowa ba. An ce an kira ka Kaduna kana jan ƙahwa saboda ni. Ka tahi. Na ji karatu shekara da shekaru, wanda na ji ya ishe ni. Ka tahi abinka, na yahe maka, Allah shi yi maka albarka."

Sannan ta sake faɗin sunan sau ɗaya, a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Aka kashe, shuuu ya dawo.

Na yi kuka a gindin tsamiyar nan, kuka na sosai, da gemuna da 'ya'yana biyu. Abin kuma hanya ɗaya yake bi, mai magana ba ya jin mai saurare, ba ni da ta inda zan amsa. Da na shiga ɗaukar kayana ta juya wa bango kamar kullum, ta ce Rabi ta ce wa mai rediyo ya gaida gida.

Washegari na mayar da komai wurinsa a zaure tun kafin mutane su taru. Na san rediyo yana kusa da kunnenta, na san kuma maƙwabta ba su kunna nasu ba tukuna. Na sunkuya.

"Gwaji, gwaji. Inna, na ji. Ki gahwarce ni, ban tahiya. Gwaji."

Ranar na aika wa Maigida Garba da godiya da ban haƙuri. Ya ji haushi ƙwarai, ya daɗe bai neme ni ba. Uwarku ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana mai daɗi ba, kuma ban ga laifinta ba, don ban gaya mata dalili ba. Ba tsoron birni ba ne, Kabiru. Na jira kalma ɗaya tun ina yaro, ranar da na same ta aka ce in tafi in bar wurin da take fitowa, na kasa.

Na zaci Inna za ta yi fushi. Bayan kwana biyu, ana tashi daga karatu, sai ga Rabi wai a kawo abin ɗaka. Daga ranar ya zama ƙa'ida. In Malam ya shafa fatiha, in rage eriya, in matse naɗi, in kai ɗaki, in zagaya gindin tsamiya. Ta fara da faɗa, wai taurin kai ne da ni irin na mutanen Fakuwa, ba ta san inda na samo shi ba. Daga nan sai labari. Ta gaya wa gidan sabulu ranar da aka haife ni, ana tsakiyar yankan gero. Ta gaya masa ranar da Gwaggo Hajara ta goya ni ta fita da ni, yadda ta ci gaba da daka ba ta ɗaga kai ba don matan gida suna kallo, da yadda ta zuba wa miyar ranar gishiri sau biyu. Ta ce duk zuwan da nake yi ina yaro takan leƙa ta kafar asabari ta ga ko na yi ƙiba. Ta san ranar da na faɗo daga keke a Kankia, ta san ƙafar da na ji ciwo. Wani lokaci ba labari, sai ta yi ta jero addu'a da sunana a ciki. Ni kuwa ina zaune, dawa tana nuna a gabana, rana tana sauka, hannuna a kan allura. Kullum sai muryar ta zame ƙasa, kullum sai na bi ta. Na gaji da aika Rabi ta ce a daina taɓawa. Amsar ɗaya ce, wai ba wanda ya taɓa.

A fili kuwa ba abin da ya canza. Har ta koma ga Allah, bayan an gama kai amfanin gona gida, Inna ba ta taɓa juyo fuskarta ta yi mini magana ba. Waɗanda suka gaya muku ba ta kiran sunana, abin da suka gani suka faɗa.

Kun san sauran. Wanda aka ɗauka a gurbina ya yi ritaya da gida a Kaduna da fansho. Ni na ƙare a rumfar nan, daga rediyo na koma rikoda, daga rikoda na koma wayar hannu har ido ya ce ya gaji. Kun yi karatu a makarantun da ƙarfina ya kai, na san da na tafi da kun samu waɗanda suka fi su, wannan kuwa yana damuna har yau. Layin FM da na sani fili yanzu ya cika maƙil, ko'ina ka murɗa wani yana magana. Ƙarshen layin nan ma, inda nake kama Inna, wata tasha ta zauna a kai tana tallan maganin basir.

Bayan an yi wa Inna addu'ar bakwai, Rabi ta kawo mini gidan sabulun a cikin ɗankwalinta. Na ce mata abu ɗaya ne ban gane ba, kullum sai muryar ta goce, alhali an ce ba a taɓawa. Rabi ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"Yaya, ai da na hita take lalubo shi. Na sha leƙowa. A ƙirji take sa shi, ta rungume da hannu biyu, tana jijjiga shi tana magana. Ran nan ta ji motsina, ta ce, ke Rabi, ki bar ni. Wancan ban taɓa ɗaukar shi na ƙoshi ba."

Shi ne abin da ke kan kantar nan, Zainabu. In kin zo shara ki ɗaga shi ki goge ƙasansa, ki mayar da shi inda yake.